Rawar Fadar Kambodiya: Wa Ya Riƙe Ta, Wa Zai Gaje Ta?

Duk wanda ya taɓa ganin tallan yawon buɗe ido na ƙasar Kambodiya, da wuya a ce bai ci karo da hoton wata mace ba, sanye da kambin zinariya mai tsinaye, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta baya, yatsun hannunta a lanƙwashe kamar babu ƙashi a cikinsu. Galibi "rawar Apsara" ake rubutawa a ƙarƙashin hoton. Sai a biyo da maganganu uku da ake ta maimaitawa: wai rawar ta shekara dubu ba ta sauya ba, wai 'yan Khmer Rouge sun kashe ta murus, wai kuma hukumar UNESCO ce ta raya ta. Kowace tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda za a karɓa ba tare da gyara ba. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga cewa malama da ɗalibarta ne suka riƙe wannan rawa, kuma a tsakaninsu ne har yanzu matsalar take.

Wace rawa ake magana a kai?

Khmer ita ce ƙabilar da ta fi rinjaye a Kambodiya, haka kuma ake kiran harshenta. Mafi yawan mutanenta mabiya addinin Buddha ne. Suna da raye-raye iri-iri. Akwai na ƙauye masu kwaikwayon girbi da kamun kifi, akwai na biki da kowa ke shiga fili ya taka. Wadda ake magana a kai a nan ita ce ta fada, da suke kira Robam Preah Reach Trop, wato rawar da ke cikin dukiyar sarki. Faransawa sun laƙaba mata sunan "bale ta sarauta", bale kuwa rawar dandamali ce ta Turai da ake yi a kan tsinin yatsun ƙafa ana tsalle-tsalle. Sunan yana ruɗarwa, domin mai rawar Khmer ƙafarta ba takalmi, gwiwoyinta a ɗan durƙushe, kuma tana motsi a hankali ƙwarai, har baƙo ya ɗauka ba a fara ba.

Apsara kuwa, a labaran addinin Hindu da na Buddha, wasu mata ne na sama masu rawa a gaban abubuwan bautarsu. Rawar da ke ɗauke da sunansu guda ɗaya ce tak cikin tarin raye-rayen fada, kuma tana cikin waɗanda aka ƙirƙiro daga baya-bayan nan.

Masu rawar sun kasu gida huɗu: neang, mai fitowa a matsayin mace, neay rong, namiji, wato sarki ko yarima, yeak, dodo ko ƙaton aljani, sai sva, biri. Mata ne ke ɗaukar ukun farko, har da na namijin da na dodon. Mai rawa ba ta buɗe baki. Ayarin mawaƙa ne ke zaune a gefe suna rera labarin, ita kuma tana bayyana shi da jiki, makaɗan pinpeat na tafe da su. Pinpeat ƙungiyar kiɗa ce da ta ƙunshi roneat, jerin falankin katako da ake bugawa da sanduna biyu, da kong vong, ƙananan tasoshin tagulla da aka jera a da'ira makaɗi na zaune a tsakiya, da ganguna, da sralai, abin busa mai kama da algaita.

Kowane motsi sunansa kbach, kuma masana rawar kan ce sun haura 4,000. Na hannu suna da tushe guda huɗu da ke bin rayuwar shuka. Manuni a miƙe sama, tsiro ke nan. Yatsu a haɗe sun lanƙwashe ta baya, ganye. Babban yatsa ya haɗe da manuni sauran ukun sun bazu, fure. Babban yatsa da na tsakiya sun yi zobe, ɗan itace. Idan aka sake su, ya nuna ya faɗi. Ma'anar kuma takan sauya gwargwadon inda aka ajiye hannun, kusa da baki ko ido ko ƙirji. Tufafin ma aiki ne mai zaman kansa: siliki ne mai zaren zinariya da ake ɗinkewa a jikin mai rawa kafin kowane wasa, a kwashe sa'o'i ana yi, a warware bayan an tashi.

Labaran da ake takawa sun haɗa da Reamker, wato yadda Khmer suka juya labarin Ramayana na Indiya ya zama nasu, da labarin Moni Mekhala, sarauniyar teku mai ƙwallon lu'ulu'u, da dodo Ream Eyso mai gatari. A labarin, ƙyallin ƙwallonta ne walƙiya, rugugin gatarinsa ne tsawa, karonsu ke kawo ruwan sama. Shi ya sa ake taka wannan rawa a bikin buong suong, inda sarki ke roƙon damina mai albarka da zaman lafiya. A wurin masu ita, rawar wani ɓangare ne na ibadarsu tun kafin ta zama abin kallo.

Maganar shekara dubu

Daular Angkor ta yi zamani daga ƙarni na 9 zuwa na 15. A bangon gidan bautar Angkor Wat, wanda sarki Suryavarman na II ya gina a farkon ƙarni na 12, akwai siffofin mata sama da 1,700 da aka sassaƙa a dutse. Wani rubutun dutse na gidan bautar Ta Prohm, na shekarar 1186 zamanin Jayavarman na VII, ya lissafa masu rawa 615 cikin ma'aikatan wurin. Saboda haka babu jayayya cewa an yi rawa a fada da gidajen bauta tun wancan zamani. Sai dai sassaƙa tana nuna tsayuwa ne kawai, ba ta nuna yadda aka tashi daga wannan tsayuwa zuwa waccan, balle kiɗan da aka bi.

Bayan da mayaƙan Ayutthaya na ƙasar Siyam, Tailan ta yau, suka ci Angkor wajen 1431, an shiga ƙarnuka na rauni da ƙarancin bayanai. Rawar ta sake bayyana sosai zamanin sarki Ang Duong, wanda ya rasu a 1860. Shi da ɗansa Norodom duk sun daɗe a Bankok, babban birnin Siyam, kuma a fadarsu an samu malamai da salon tufafi na Siyam. Daga nan ne masana suka rabu. Wasu, irin su Sasagawa Hideo na Japan, suna ganin labarin cewa rawar ta gangaro kai tsaye daga Angkor marubutan zamanin mulkin mallaka ne suka ƙarfafa shi, musamman George Groslier da littafinsa na 1913, domin ya dace da hoton Faransa a matsayin mai tsaron tsohon gado. Wasu kuma, irin su Paul Cravath, sun fi duba aikin da rawar ke yi, wato sada sarki da magabata da neman ruwa, suna cewa wannan bai yanke ba. Idan aka auna, maganganun biyu ba su cin karo sosai: aikin rawar tsoho ne, amma siffar da ake gani yau mafi yawanta ta ƙarni na 19 ce da na 20.

Daga cikin fada zuwa dandamali

Faransa ta mayar da Kambodiya ƙarƙashin ikonta a 1863. A 1906 sarki Sisowath ya tafi da masu rawarsa baje kolin ƙasashen mallaka a Marsey, inda mai sassaƙa Auguste Rodin ya bi su yana zana su, har ya yi zane kusan 150. Duniya ta san rawar, amma a gida kuɗin fada na raguwa, yawan masu rawar ma haka.

Wadda ta ɗaga ta ita ce Sisowath Kossamak, mahaifiyar sarki Norodom Sihanouk, tun daga shekarun 1940. Ta gajarta wasannin da a da ake kwana ana yi, ta tsara su yadda za su dace da dandamali da baƙin gwamnati, ta shigo da maza su riƙa fitowa a matsayin biri saboda yawan tsallen da ke ciki. Ita ce kuma ta sa aka tsara rawar Apsara ana kwaikwayon kambi da tsayuwar sassaƙen Angkor, jikarta gimbiya Norodom Buppha Devi ta zama tauraruwarta. Ashe rawar da aka fi kafa hujja da ita kan cewa komai na nan yadda yake tun Angkor, ba ta cika shekara ɗari ba, kuma daga dutse aka kwaso ta aka mayar jiki. Bayan samun 'yancin kai a 1953, Sihanouk ya riƙa tafiya da ƙungiyar masu rawar zuwa ƙasashen waje, ta zama fuskar ƙasar.

Shekaru uku da wata takwas

Ranar 17 ga Afrilun 1975 'yan Khmer Rouge, 'yan gurguzu masu tsananin ra'ayi ƙarƙashin Pol Pot, suka shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar, suka kwashe mutanen birnin kaf zuwa gonaki. Kafin sojojin Biyetnam su kore su ranar 7 ga Janairun 1979, mutane tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin tilas. Cikinsu har da Musulmin ƙabilar Cham da aka yi wa kisan ƙare dangi. Duk wanda aka gano yana da alaƙa da fada yana cikin hatsari. Masu rawa suka ɓoye sana'arsu, wasu suka ce su masu wanki ne ko 'yan talla. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu fasahar ƙasar ba su tsira ba. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma shi ne asalin sunan wani fim na 1993 kan malama Em Theay, wanda ke nufin ita ce ta goman da ta rage.

Labarin Chea Samy ya nuna yadda al'amarin ya cakuɗe. Ta shiga fada tana ƙaramar yarinya, ta zama fitacciyar mai rawa, ta auri yayan Pol Pot. Wannan dangantaka ba ta hana a kora ta ƙauye ta yi aikin wahala kamar kowa ba. Bayan faɗuwar gwamnatin ta komo Phnom Penh ta ci gaba da koyarwa har rasuwarta a 1994. Em Theay kuwa ta rasa 'ya'ya da dama, amma ta ɓoye littattafan waƙoƙin rawar ta fito da su lafiya. Gobara ce ta cinye su a gidanta a 2009, lokacin da babu yaƙi.

Sabuwar gwamnati ta yi shela a rediyo tana kiran masu fasahar da suka rage. Chheng Phon, ɗan wasan kwaikwayo da ya zama ministan al'adu, yana cikin waɗanda suka tattara su. A farkon shekarun 1980 aka sake buɗe makarantar fasaha, yawancin ɗalibanta marayu. Malamai suka zauna suna haɗa abin da kowace ta tuna: wannan ta riƙe baitin waƙa, waccan ta riƙe takun dodo, makaɗi ya riƙe karin. Wasu wasanni sun dawo, wasu sun tafi da waɗanda suka san su. A daidai lokacin, a sansanonin 'yan gudun hijira na kan iyakar Tailan irin su Khao-I-Dang, wasu malamai na koyar da yara a rumfunan gora. Daga can rawar ta bi masu hijira zuwa Faransa da Amurka. Ƙungiyar rawa ta Angkor da ke garin Lowell na Amurka, wadda aka kafa a 1986, tana nan har yau.

Yadda ake miƙa ta

Nan ne ainihin batun. Yarinya takan fara tana da shekara bakwai ko takwas, lokacin da gaɓoɓi ke da laushi. Kullum da safe za ta zauna a ƙasa ta dafa yatsunta a gwiwa tana tanƙwara su baya, ta murɗa gwiwar hannu, ta gantsare baya, ta ɗage yatsun ƙafa. Malama ba ta tsayawa a gaba ta ce a kwaikwaye ta kawai. Zagayowa take ta bayan yarinyar, ta kama kafaɗa ta danna, ta tura ƙugu da gwiwarta, ta ɗaga haɓa da yatsa, har sai jikin ya zauna inda ake so. Ana shafe kusan shekara tara ana wannan kafin a ce an fara iyawa.

Malamai ne kuma ke zaɓa wa yarinya matsayinta bisa ga ƙirar jikinta: ƙarama mai zagayayyar fuska ta zama neang, doguwa ta zama neay rong, mai faɗin kafaɗa ta zama yeak. Galibi a nan za ta tsaya har tsufa. Ma'anar wannan ita ce ilimin a rarrabe yake. Malamar da ta ƙware a dodo ita ta san yadda dodo ke fushi da yadda yake zawarci, kuma idan ta rasu ba ta gama zuba wa wata ba, wannan ɓangaren ya tafi ko da sauran ukun na raye. Wasa kuwa ba ya tashi da mutum ɗaya.

Akwai kuma sampeah kru, gaisuwar malamai, da ake yi ranar Alhamis. Ɗalibai kan kawo turare da kyandir da furanni da 'ya'yan itace, su girmama malamansu na raye da waɗanda suka shuɗe. A aƙidarsu ruhin magabatan na tare da kambuna da fuskokin rufi na wasan. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, zai iya ganin aikin da al'adar ke yi: tana sa kowace mai rawa ta san daga hannun wa ta karɓa, da kuma cewa akwai bashi a kanta.

An yi ƙoƙarin adanawa ta wasu hanyoyi. Groslier ya ɗauki ɗaruruwan hotunan tsayuwar masu rawa a 1927, kuma tun shekarun 1990 ake naɗar tsofaffin malamai a bidiyo tare da rubuta waƙoƙi. Wannan ya taimaka wajen tuno abin da aka manta. Amma malaman da kansu kan ce bidiyo na nuna inda hannu ya je, ba ya gyara wa yarinya kafaɗa.

Inda ake saɓani

Saɓani na farko kan sauyi ne. Sophiline Cheam Shapiro tana cikin rukunin farko da aka horar bayan yaƙin. Ta koma Kaliforniya a 1991, ta kafa makaranta a Long Beach a 2002, ta kuma riƙa tsara sababbin wasanni da tsohon salon: Samritechak a 2000, wanda ta ɗauko daga Othello na Shakespeare, da Pamina Devi da aka fara nunawa a Biyana a 2006. Wani ɗalibinta, Prumsodun Ok, haifaffen Amurka, ya kafa ƙungiya a Phnom Penh a 2015 ta maza masu neman jinsi ɗaya, suna taka rawar da aka san mata da ita. Masu riƙon asali na ganin abin da aka ƙwato da ƙyar daga bakin kabari bai kamata a yi gwaji da shi ba, kuma dole a fara kammala dawo da tsofaffin wasanni. Ɗaya ɓangaren kuma na nuni da cewa Kossamak da kanta ta yanke ta ƙara, kuma abin da ta yi shi ake kira gargajiya yau. Tarihi ya fi goyon bayan masu wannan magana, amma damuwar na farkon ma ba ta banza ba ce: Kossamak ta yi sauyi ne tana da fada cike da ƙwararru, su kuwa waɗannan malamai sun ga lokacin da ake ƙirga ƙwararrun da yatsu.

Na biyu shi ne yawon buɗe ido. A 2019 baƙi kusan miliyan shida da dubu ɗari shida suka shiga Kambodiya, kuma a garin Siem Reap da ke kusa da Angkor gidajen abinci da yawa na nuna "rawar Apsara" kowane dare, mutane na ci suna ɗaukar hoto. Wannan ya ba matasa da dama abin sawa a baki, ya kuma sa iyaye su ga amfanin koyo. Sai dai gajerun raye-raye huɗu ko biyar ake juyawa, horon 'yan watanni ne, wani wurin ma rikoda ake kunnawa maimakon makaɗa. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, wannan kasuwa ta tsaya cak, masu rawa da yawa suka kama wasu sana'o'i.

Na uku shi ne ja-in-ja da Tailan kan wa ya ari na wa. 'Yan Kambodiya kan ce an kwashi masu rawarsu zuwa Ayutthaya bayan faɗuwar Angkor. 'Yan Tailan kan nuna tasirin Bankok a ƙarni na 19. Duka biyun na da tushe, domin aron ya bi hanya biyu a lokuta daban-daban. Amma batun gado tsakanin ƙasashen ba abin wasa ba ne: a Janairun 2003 an ƙona ofishin jakadancin Tailan a Phnom Penh kan jita-jitar cewa wata 'yar fim ɗin Tailan ta ce Angkor tasu ce. A 2018 UNESCO ta karɓi wasan fuskar rufi na kowace ƙasa daban, Khon na Tailan da Lkhon Khol na Wat Svay Andet na Kambodiya, duk da haka gardamar na ci gaba a Facebook.

Me shigar UNESCO ta kawo?

UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana rawar fadar a matsayin gadon ɗan Adam a 2003, lokacin Buppha Devi na ministar al'adu, aka kuma shigar da ita cikin jerin gadon da ba na gini ba a 2008. Jerin nan ne hawan Daba na Kano ya shiga a 2024. Shiga jerin na kawo martaba da ɗan tallafin ayyuka, yana kuma ɗora wa gwamnati nauyin bayar da rahoto. Ba ya biyan albashin malami, ba ya kuma hana a sayar da fili.

Abin da ya faru a Phnom Penh shaida ne. Babban gidan wasa na ƙasa, wanda Vann Molyvann ya zana, ya ƙone a 1994, ba a gyara shi ba har aka rushe shi a 2008. A 2005 aka ba wani kamfani filin sashen rawa da kiɗa na Jami'ar Fasaha ta Sarauta, aka mayar da makarantar gefen gari, malamai suka koka cewa nisa da kuɗin mota na hana ɗalibai zuwa. Dogon ginin nan da ake kira Farin Gini, inda masu fasaha da yawa suka zauna tun bayan 1979, an rushe shi a 2017. Duk wannan ya faru ne a ƙasar da sarkinta, Norodom Sihamoni, ya yi karatun rawa a Prague kuma ya taɓa zama jakadanta a UNESCO. Giɓin da aka bari ƙungiyoyi masu zaman kansu ke ƙoƙarin cikewa, irin su Cambodian Living Arts da Arn Chorn-Pond ya assasa a 1998 don nemo tsofaffin gwanaye a biya su su koyar, amma kuɗinsu daga waje yake zuwa, yana kuma iya yankewa.

Abin da ke gaba

Buppha Devi ta rasu a 2019, Em Theay a 2021. Malaman da suka koya a cikin fada kafin 1970 sun kusa ƙarewa, ragamar ta koma hannun marayun nan na shekarun 1980, waɗanda yanzu sun haura hamsin. Babu alamar rawar za ta ɓace: ana koyar da ita a makarantun gwamnati da na kuɗi, a Phnom Penh da Paris da Long Beach, kuma da wuya a yi babban taro ba a buɗe da rawar sa albarka ta Chuon Por ba. Hatsarin da ya fi kusa shi ne ta ƙanƙance. Gajerun raye-rayen da ake haya za su yawaita, dogayen wasannin Reamker masu buƙatar mutum talatin ko arba'in da cikakken pinpeat da mawaƙa su riƙa fitowa jefi-jefi, idan an samu mai ɗaukar nauyi. Yara mata da yawa na son zama neang saboda ita ake gani a hoto. Masu son zama dodo ko mawaƙiya ko mai busa sralai ko mai ɗinka tufafi da ƙera kambi ba su kai haka ba, kuma horon kowannensu na cin shekaru kafin ya fara kawo ko sisi.